Ramin Titi a Ingila: Wasiƙa Zuwa ga Yaya

Assalamu alaikum Yaya. Ya aiki, ya iyali, ya damina?

Ka tambaye ni ko titin Turawa ma yana fashewa. Yana fashewa mana! Da sanyi ruwa kan shiga tsagar kwalta ya daskare ya buɗa ta, kafin a ankara rami ya fito. Su ma ƙorafi suke yi kamar mu.

Kwanakin baya wani rami ya ɓullo a bakin layinmu. Maƙwabciyata, tsohuwa mai sanda, ta ɗauki hotonsa da waya, ta ɗora a FixMyStreet, wani shafin intanet na kai ƙorafin titi, ta dangwala wurin a taswira. Shi ke nan, saƙo ya tafi ƙaramar hukuma, kuma duk wanda ya duba zai ga an kai rahoto. Wata ƙungiyar sa kai, mySociety, ce ta ƙirƙiro shi a 2007, ta kuma saki manhajar kyauta, har Norway da Sweden sun ɗauka sun yi nasu. Bayan 'yan kwanaki ma'aikaci ya zo ya auna zurfin ramin, ya zagaye shi da fenti. Ƙananan hukumomi da yawa a nan sai rami ya kai milimita 40 suke gaggauta cike shi.

Amma abin da ya fi dacewa da ofishinku shi ne wannan. Akwai motocin awon titi masu na'urori, tsadarsu ba a magana. Yanzu wasu hukumomin waya kawai suke maƙalawa a gilashin motar sintiri, da manhaja irin RoadAI ta kamfanin Vaisala na ƙasar Finland. Direba na tafiyarsa, waya na ɗaukar bidiyo, kwamfuta na ware tsaga da rami tana sa kowanne a taswira. Wannan biya ake yi. QGIS kuwa, manhajar zana taswira, ko sisi ba a biya, kuma tsohuwar kwamfutar ofis ma za ta ɗauke ta. Bankin Duniya ma ya fitar da RONET, wadda ke aiki a cikin Excel, don ƙasashen Afirka su lissafa abin da gyaran hanyoyinsu zai ci.

Ni dai a ganina ba na'urar ce ta burge ni ba, rajistar ce. Kowane titi da lambarsa, da shekarar da aka zuba masa kwalta, da ranar da aka yashe magudanarsa. Shi ya sa za ka ga ana fesa wa titi kwalta da tsakuwa alhali bai lalace ba. Da farko na ɗauka ɓarnar kuɗi ce. Ashe toshe tsaga suke yi kafin ruwa ya shiga, mu kuwa sai tirela ta kafe.

Ka sa yaran ofis su fara da babur da waya, unguwa ɗaya tak, kwalbati da magudana tukuna. Idan na kira ranar Lahadi zan nuna maka yadda ake sauke QGIS. A gaida Hajiya.