Mun biya masaniya mai zaman kanta ta sake auna ɗanmu: ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Ɗanmu yana da shekara 8, kuma likitoci a nan Ingila sun tabbatar yana da larurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga, ko da yake ni ina kauce wa wannan kalma saboda ana cusa larurori daban-daban a cikinta. Da rahoton masanin halayyar ɗalibai na ƙaramar hukumarmu ya iso, na karanta shi sau uku ban ga yaron da nake raino a ciki ba, shi ya sa ni da maigidana muka nemi wata masaniya mai zaman kanta domin ta sake auna shi. Hukuncina a kan aikinta shi ne kwalliya ta biya kuɗin sabulu, sai dai sabulun ya yi tsada, kuma ya iso a makare.

Ga wanda bai san tsarin ba, dokar yara da iyalai ta 2014 ce ta ba iyaye damar neman a tantance bukatun ɗansu na ilimi da lafiya da kulawa, domin a rubuta masa kundin da ake kira EHCP. Ƙaramar hukuma tana da mako 6 ta yanke shawarar ko za ta yi tantancewar, kuma daga ranar da aka nema zuwa ranar fitar da kammalallen kundi bai kamata a wuce mako 20 ba. Dole ne ta nemi shawarar masanin halayyar ɗalibai, kuma a aikace daga rahotonsa ake kwafo mafi yawan abin da ke shiga kundin, saboda haka duk raunin da ke cikin rahoton zai bi yaro har cikin aji.

Rahoton farko shafi 6 ne, an gina shi a kan kallon minti 40 a darasin karatu na safe, da gwaji ɗaya, da gajeriyar hira da ni ta waya. Ya ce yaron yana zaune lafiya a aji, ƙwaƙwalwarsa matsakaiciya ce, kuma "zai amfana da taimakon babba a kai a kai" da "damar shiga ƙaramin rukuni". Ya kuma jingina wani ɓangare na matsalar maganarsa ga cewa muna yin Hausa a gida, alhali a Hausar ma haka yake maimaita tambayar da aka yi masa a maimakon ya amsa ta. Babu ko layi ɗaya a kan abin da ke faruwa da ƙarfe huɗu na yamma, lokacin da yake shigowa gida ya yar da takalma, ya shige ƙarƙashin teburin cin abinci, ya toshe kunnuwansa har kusan sa'a guda ba mai iya taɓa shi.

Abin da ya fara burge ni game da masaniyar da muka ɗauka shi ne hirar farko, wadda ba ta karɓi ko kwabo a kanta ba. Na zo da niyyar a yi ta ta ƙare da masanin hukuma, sai ta dakatar da ni, ta bayyana mini cewa ba a ɗaukaka ƙara a kan rahoto shi kansa. Abin da iyaye za su iya yi shi ne su rubuta wa mai rahoton su nuna kurakuran da ke ciki, su miƙa wa hukuma tasu hujjar, sannan idan kammalallen kundi ya fito bai gamsar ba, su kai ƙara kotun bukatun ilimi na musamman a kan sashe na B mai bayyana bukatun yaro, da sashe na F mai bayyana taimakon da za a ba shi, da sashe na I mai sunan makaranta. Ita da kanta ta ce in duba sunanta a rajistar HCPC, hukumar da ke rajistar ƙwararrun lafiya da kulawa, kafin in biya ta, domin wanda ba ya cikin wannan rajista doka ba ta yarda ya kira kansa masanin halayyar ɗalibai ba.

Wajen awon ne aikinta ya bambanta ƙwarai. Da ta ga an riga an yi wa yaron gwajin auna basira mai suna WISC-V watanni kaɗan da suka wuce, sai ta ƙi maimaita shi, ta ce yaro yakan tuna tambayoyin ya sami makin da ba nasa ba, ta yi amfani da wani gwajin irinsa, BAS3, a madadinsa. Ta kuma koma kan alƙaluman rahoton farko ta nuna mana abin da kalmar "matsakaici" ta ɓoye. A irin waɗannan gwaje-gwaje 100 ne tsakiya, kuma jimillar makin ɗanmu tana kusa da nan, amma jimillar ta samu ne daga haɗa maki mai tsawo na warware zane da siffofi da maki mai rauni sosai na saurin aiki. Wato yaron ya san amsar, hannunsa da lokacin da aka ba shi ne ba sa kai shi. Alƙaluman suna nan a teburin da ke bayan rahoton farko, babu dai wanda ya fassara su.

Ta nemi izinin shugabar makaranta ta yini a can, kuma ta zaɓi lokutan da ba a tsara wa yara komai ba. A ɗakin cin abinci ta gan shi riƙe da farantinsa yana tsaye jikin bango har layi ya ƙare, sannan ya zauna a bakin benci ya ci loma biyu ya tashi. A darasin rubutu ta duba agogo, ta ƙirga minti 11 tsakanin umarnin malama da lokacin da fensirinsa ya taɓa takarda, shi ma sai da mataimakiyar malama ta durƙusa kusa da shi ta raba masa aikin gida uku. Daga nan ta biyo mu gida ta ga zaman ƙarƙashin tebur da idonta, gani kuwa ya kori ji. Ta rubuta cewa shirun da ake yaba masa a aji dannewa ce, kuma a gida yake biyan bashinta.

Rahotonta ya zo da lissafi a duk inda na farko ya zo da fata. Ta rubuta sa'a 20 a mako na taimakon mutum guda wanda aka horar kan otizim, da zaman minti 30 kowane mako da ƙwararriyar horar da magana, da wuri marar hayaniya a lokacin cin abinci, tare da bayanin wanda zai yi kowane aiki da lokacin da za a sake dubawa. Muhimmancin wannan shi ne abin da aka rubuta a sashe na F wajibi ne ƙaramar hukuma ta samar da shi, amma babu yadda uwa za ta kama wani da laifin saɓa "a kai a kai", tunda sau ɗaya a wata ma a kai a kai ne.

Ba duk abin da muke so ta rubuta ba. Mun so ta ce sai makaranta ta musamman, ta ce abin da ta gani bai kai ta ga wannan ba tukuna, kuma ta amince da masanin farko a kan cewa karatun yaron yana tafiya daidai da shekarunsa. Ran maigidana ya ɓaci, ya ce mini, "Maman yara, mu muka biya ta ko su?" Ni ma na ji zafi a ranar, amma na lura jami'ar hukuma ta kasa kiran rahoton na son kai, tunda ya ba kowane ɓangare gaskiyarsa.

Yanzu ga inda ta gaza. Kuɗin ya haura fam dubu ɗaya, kuma bai haɗa da halartar zaman kotu ba, wanda ke da nasa farashin, abin da ban gane ba sai da na sake karanta yarjejeniyar. Mun jira mako 7 kafin ta sami ranar zuwa makaranta, da wasu mako 4 kafin rahoton ya fito, ana cikin haka sai daftarin kundi ya iso da wa'adin kwana 15 na mayar da martani. Dole muka roƙe ta ta rubuta taƙaitacciyar wasiƙa mu haɗa da martaninmu, ta kuma caje mu a kanta, duk da cewa jinkirin daga wajenta ne kuma tun ranar farko na gaya mata inda muke a cikin mako 20 ɗin. Rahoton kansa shafi 31 ne da harshen masana, ba shi da taƙaitawa domin iyaye, sai da wata ma'aikaciyar SENDIASS, sashen ba da shawara kyauta da ke kowace ƙaramar hukuma, ta zauna da ni muka bi shi layi-layi. Da na san da su da IPSEA, ƙungiyar da ke ba iyaye shawarar doka kyauta, tun farko, da na fara rubuta wa masanin hukuma in nemi ya sa alƙaluma a shawarwarinsa, wanda ba ya cin ko sisi, kafin in taɓa ajiyarmu.

Haka kuma rahoton da iyaye suka biya aka yi ba ya ɗaure hukuma, wajibinta ta duba shi ne kawai. A kammalallen kundin sun karɓi sa'a 15 daga cikin 20, sun cire maganar Hausa a gida, sun sa wuri marar hayaniya, amma sun mayar da zaman horar da magana "shawara ga malamai". Mun karɓi takardar shaidar sasanci da ake buƙata kafin a je kotu, mun shigar da ƙara a kan sashe na B da na F kafin wata biyun da doka ta bayar su cika, kuma rahoton nata shi ne hujjarmu ta farko a cikin fayil. Zan sake ɗaukar ta idan an sa ranar zama, amma a wannan karon sai ta rubuta mini ranar miƙa aiki da jimillar kuɗi a takarda kafin in biya kafin alƙalami.