Kafin ka sayi fawa bank: lissafin da ba a rubuta shi da manyan baƙaƙe

Tambayar farko da mai sayen fawa bank yake yi ita ce, "Dubu nawa ne?" Dubu goma, dubu ashirin, dubu hamsin. Wanda lambarsa ta fi girma shi ake ɗauka, sai an fara amfani da shi a tarar ko sau biyu bai cika waya ba ya ƙare. Wani lokaci jabu ne. Sau da yawa kuma na gaske ne, lissafi ne kawai ba a yi ba. Lambar nan ta mAh, wato ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka, tana da amfaninta, amma a wurina ita ce ta uku a abin dubawa. Lafiyar batirin wayarka na gabanta, haka ma ƙarfin wutar da na'urar ke fitarwa da wanda take karɓa.

Mu fara da wayar kanta. Batirin litiyam da ke cikin wayoyin zamani, wanda kamfanin Sony ya fara fitowa da shi kasuwa a 1991, yana tsufa ne da yawan caji. Ana ƙirga tsufansa da zagaye: duk sanda ka shanye kashi 100 na cajinsa, ko a zama ɗaya ko rabi yau rabi gobe, zagaye ɗaya ke nan. Apple ya ce batirin iPhone 14 da waɗanda suka gabace ta an ƙera su ne su riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsu bayan zagaye 500, na iPhone 15 kuma bayan zagaye 1,000. Mutumin da ke shanye cajin wayarsa kullum zai cika zagaye 500 kafin shekara ɗaya da rabi. Idan wayarka tana mutuwa tana kan kashi 20, ko lambar tana faɗowa daga 40 zuwa 15 cikin 'yan mintoci, batirin ya gaji. Saya mata fawa bank a wannan hali kamar ɗura ruwa ne a tulu mai yoyo. Kuɗin ya fi dacewa da sabon batir a hannun mai gyara da ya san aikinsa. A iPhone akwai wurin duba lafiyar batir cikin saiti, a Samsung kuma manhajar Samsung Members tana yin wannan gwajin. Idan kuwa bayan wayar ya fara ɗagowa ko fuskarta ta turo waje, batirin ya kumbura, kuma wannan ba abin a jira ƙarshen wata ba ne. A daina yi mata caji a kai ta gyara.

Batir mai lafiya ma yana iya saurin ƙarewa saboda hasken fuska da aka ƙure, ko raunin sabis da ke sa waya ta yi ta ƙara ƙarfi tana neman layi, ko raba data ga wasu, ko taswira da aka bari a buɗe. Amma abin da ke kashe batir da wuri shi ne zafi. Apple yana gargaɗin cewa zafin da ya wuce digiri 35 na iya rage ƙarfin batir har abada. Waya a ƙarƙashin matashi tana caji, ko a gaban gilashin mota cikin rana, ko ana buga wasa mai nauyi tana jone, duk cin rayuwar batir ne. Wayoyi da dama yanzu suna da saitin tsayar da caji a kashi 80 ko 85. Wanda ke wuni kusa da soket ya kunna shi.

To idan batirin lafiya lau yake, yinin ne ya fi ƙarfinsa, sai a zo kan lissafi.

Lambar da aka buga ƙato a jikin kwali, misali 10,000 mAh, ta batiran da ke cikin na'urar ce, kuma su a kan bolt 3.7 suke aiki. Ainihin wutar da suke ɗauke da ita ana auna ta da Wh, wato wat-awa: ka ninka mAh da 3.7, ka raba da 1,000. Mai 10,000 yana da Wh 37, mai 20,000 yana da Wh 74. Amma ramin USB ba ya fitar da bolt 3.7, mafi ƙaranci bolt 5 yake bayarwa, kuma a cajin sauri yakan hau 9 ko 12. Dole na'urar ta ɗaga wutar, wayar kuma ta sake sauke ta kafin ta shiga batirinta, kuma a kowane mataki wani kaso yana tafiya a zafi. Ɗumin da kake ji a tafin hannunka idan ka riƙe su biyun suna jone, cajin da ka saya ne yake fita ta nan. Kamfanoni masu gaskiya sukan rubuta lamba ta biyu da ƙananan baƙaƙe a bayan na'urar, kusa da kalmomin "rated capacity", wato cajin da ke fitowa daga na'urar da gaske, kuma ga mai 10,000 takan kasance wajen 6,000 ko ɗan sama da haka. Juya na'urar ka nemi wannan lambar. Rashinta ma labari ne.

Hanya mai sauƙi ita ce ka ɗauki kashi biyu cikin uku na babbar lambar, ka raba da girman batirin wayarka. Ga waya mai batir 5,000 mAh, fawa bank mai 5,000 zai kai ta wajen kashi 65 ne kawai, mai 10,000 zai cika ta sau ɗaya da ɗan ragowa, mai 20,000 kuma sau biyu da rabi. Idan kana latsa wayar tana caji, abin zai gaza haka.

Da wannan a hannu, zaɓin girma ya zama zancen yadda kake rayuwa. Mai 5,000, irin ƙaramin nan da ake maƙalawa a gindin waya, na ceto ne zuwa dare, ba ya wuce nan. Mai 10,000 nauyinsa wajen giram 200 ne, kusan nauyin wayar kanta, yana shiga aljihu, kuma shi nake ganin ya dace da yawancin mutane, domin fawa bank ɗin da ya yi nauyi a gida ake barinsa ranar da aka fi buƙatarsa. Mai 20,000 yakan kai giram 350 zuwa 450, na jaka ne, kuma yana da wata matsala da masu saye ba sa tunawa sai daga baya: shi ma sai an yi masa caji. Wh 74 a kan caza mai wat 10 zai ci fiye da awa takwas. Idan na'urar tana karɓar wat 18, wajen awa biyar. Mai karɓar wat 45 ko 65 kuwa cikin awa biyu ya cika. Ga wanda wuta ke zo masa na ɗan lokaci ta ɗauke, lambar shigar wuta ta fi lambar girma muhimmanci nesa ba kusa ba, don babban fawa bank da kullum yake rabi bai fi ƙarami cikakke ba. Akwai ma dabarar da na fi so: guda biyu masu 10,000 maimakon ɗaya mai 20,000, ɗaya na kan caji ɗaya na aljihu, kuma idan ɗaya ya lalace ba ka rasa duka ba.

Nauyi kuma yana tona asirin jabu. Batiri mai siffar gwangwani da ake kira 18650 ba ya wuce wajen 3,500 mAh, nauyinsa kusan giram 45 zuwa 50. Babban yayansa, 21700, yana ɗaukar 5,000 mAh a giram 70. Ke nan mai 20,000 na gaske batiransa kaɗai sun kai giram 280, mai 50,000 kuma giram 700 kafin a sa masa gida da sauran kayan ciki. Duk wanda ya miƙo maka abu mai nauyin waya ya ce 50,000 ne, ƙarya aka rubuta a jiki. Sai dai nauyi shi kaɗai ba shaidar gaskiya ba ne, domin an sha buɗe na jabu a tarar an cika wasu gwangwanayen da yashi.

Sai maganar sauri, wadda ta fi rikitar da mutane saboda kowane kamfani da tsarinsa. Tsarin da kusan kowa ya yarda da shi shi ne USB Power Delivery, wanda ake taƙaitawa PD, kuma ta ramin USB-C yake aiki. iPhone tana kai wajen rabi cikin minti 30 da PD mai wat 20. Wayoyin Samsung masu cajin wat 25 ko 45 suna buƙatar wani ƙari da ake kira PPS, idan babu shi a jikin kwalin za su yi caji, amma ba da cikakken saurinsu ba. Oppo, OnePlus da Realme suna da SuperVOOC, Xiaomi yana da HyperCharge, kuma manyan lambobin wat da suke tallatawa sai da cazarsu da igiyarsu ake samu. A kan fawa bank na wani kamfani sukan sauko ƙasa sosai, don haka kada mai irin wannan waya ya biya kuɗin wat 100 yana zaton wayarsa za ta sha duka. Haka lambar 22.5W da ta cika kwalaye: ta wani tsari ce na Huawei, yawancin sauran wayoyi wat 18 ko 20 za su samu. Kuma lambar wat sau da yawa ta rami ɗaya ce. Ka jona waya biyu, na'urori da dama sai su koma bolt 5 su raba wat 15 tsakaninsu. Mai son ya riƙa ciyar da kwamfutar cinya ya nemi wat 45 zuwa 65 a rami guda.

Igiya tana da nata rabon. PD yana son igiya mai kan USB-C a duka ɓangarorin. Ta yau da kullum tana ɗaukar har wat 60, sama da haka sai wadda aka rubuta wa 5A, wato amfiya 5, mai ɗan ƙaramin cip na lantarki a cikin kanta. Fawa bank mai igiya a jiki yana rage mantuwa, amma igiyar ce ke fara karyewa, don haka a zaɓi wanda ke da rami daban ban da ita.

Na maganaɗisu, wanda ake mannawa a bayan waya ba igiya, yana da daɗin sha'ani. Apple ya kawo nasa tsarin, MagSafe, da iPhone 12 a 2020, daga baya tsarin bai-ɗaya na Qi2 ya fito a 2023 da wat 15. Wanda ba shi da shaidar Qi2 yawanci wat 7.5 yake ba iPhone. Asarar wuta a wannan hanya ta fi ta igiya, kuma zafin yana taruwa daidai bayan batirin wayar. Ga ɗan ƙari da rana ya yi, ga mai neman kowane ɗigon caji igiya ta fi. Rigar waya mai batir a ciki kuwa samfuri ɗaya take shiga, ranar da ka canza waya ta tashi aiki.

Wanda nake son a yi hattara da shi sosai shi ne fawa bank mai ɗan faifan sola a bayansa, domin waɗanda suka fi buƙatar wuta su ne yake yaudara. Faifai mai faɗin tafin hannu wajen wat ɗaya yake bayarwa cikin rana tsaka. Mai Wh 37 zai buƙaci kusan awa 40 na rana mai ƙarfi, wato fiye da mako guda, kuma duk tsawon wannan lokaci batirin litiyam ɗin yana gasuwa a rana, abin da ya fi komai lalata shi. Mai buƙatar sola da gaske ya sayi faifai daban mai naɗewa, na wat 20 ko fiye, ya shimfiɗa shi a rana, ya ja igiya ya ajiye fawa bank ɗin a inuwa. Akwai kuma masu wani nau'in batirin litiyam da ake kira LiFePO4, waɗanda ke jure dubban zagaye kuma ba su da saurin kamawa da wuta, sai dai sun fi nauyi. Ga na ajiyewa a gida sun cancanci a duba su.

Matafiyi a jirgin sama yana da ƙa'idar da zai kiyaye. Fawa bank ba ya shiga kayan da ake aunawa a tura ƙasan jirgi, sai jakar hannu. Har Wh 100, wato wajen 27,000 mAh, ana wucewa da shi. Daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgin, sama da haka ba a yarda ba. Idan rubutun jikinsa ya goge ana iya karɓe shi. Tun bayan gobarar jirgin Air Busan a Koriya ta Kudu a Janairun 2025 kamfanoni da dama sun ƙara tsanantawa, wasu sun hana amfani da shi a cikin jirgi, Sin kuma ta hana wanda ba shi da tambarin CCC, shaidar ingancin kaya ta ƙasar, a jiragen cikin gida. A duba dokar kamfanin kafin ranar tafiya.

Sunan kamfani ba ya hana matsala. A Yunin 2025 Anker, ɗaya daga cikin manyan masu wannan sana'a, ya janye fiye da miliyan ɗaya na wani samfurin PowerCore 10000 a Amurka saboda haɗarin gobara. Amma wannan labarin shi ne ma dalilin da ya sa nake zaɓar mai suna: akwai lambar samfuri da za a bi, akwai wanda zai fito ya yi sanarwa, akwai garanti. Marar suna idan ya kama da wuta ba wanda za a tambaya. Araha ba ta ado, musamman ga abin da zai kwana kusa da kanka.

Bayan ka saya, gwada shi tun garanti bai ƙare ba. Cika shi taf, ka bar wayarka ta sauko kashi 10, ka sa ta a yanayin jirgi, ka jona. Rubuta kashi nawa ta ƙaru, ka maimaita washegari ba tare da ka sake yi wa fawa bank ɗin caji ba, har ya ƙare, sannan ka haɗa jimilla. Mai 10,000 a kan waya mai batir 5,000 ya kamata ya ba ka wajen kashi 120 zuwa 140 gaba ɗaya. Idan ko kashi 100 bai kai ba, ko ya yi zafin da ba ka iya riƙe shi, mayar da shi.