Tsakanin Mafarauci da Manomi a Yankin Tafkin Chadi

Kafin noma ya kankama, mutanen wannan yanki suna rayuwa ne da farauta da kamun kifi da tsintar 'ya'yan itatuwa irin su goruba da aduwa da magarya. Wanda ke yawon neman abincinsa ba ya iya tara dukiya, kuma naman da aka kashe yau sai an raba shi kafin ya lalace, shi ya sa rabo ya zama dole, girman kai kuma bai da wurin zama.

Noma ya zo da wani hali dabam. Masu binciken tarihi sun gano alamun gero na gida a arewacin Mali tun kimanin shekara 4,500 da suka wuce, kuma daga lokacin da hatsi ya shiga rumbu sai aka sami abin gado, da iyakar gona, da gandu a ƙarƙashin maigida, da mai ba da bashi a lokacin bazara. Manomin masakwa (wata irin dawa ta rani) a karkarar Marwa da ke arewacin Kamaru, wanda ke dasa shukarsa bayan ɗaukewar damina, yana lissafin watanni masu zuwa, abin da mafarauci bai cika damuwa da shi ba. A ganina manomi ya sami yawan zuriya da zaman gari, amma ya biya da wahalar aiki da fargabar fari.

Sauyin dai bai kammala ba: matan Kanembu har yau suna kwasar dihe, wata koriyar gansakuka ta ruwa da ake busarwa a sa a miya, daga tafkunan Kanem a ƙasar Chadi, kuma idan damina ta gaza, iyalai da yawa a Chadi suna komawa tara ƙwayar ciyawar daji da ake kira kreb.