Kwando ko ƙaramin gadon gefe: wanne ya dace da jaririyar da ta fara juyawa?

Wata 'yar'uwa daga Garwa ta ƙasar Kamaru ta kawo tambaya. 'Yarta ta kusa wata huɗu, kuma tun daga ranar suna a kwandon jarirai take kwana, irin mai hannu biyu da 'yar katifa a ciki. Yanzu in ta miƙe ƙafa sai ta tokari ƙarshen kwandon, ga shi ta fara yunƙurin birkicewa. Maigidan ya ga ƙaramin gado irin wanda ake haɗawa da gadon iyaye a sauke gefensa ɗaya, yana so ya saya. Surukarta kuwa ta ce ɓarnar kuɗi ce, a kwantar da yarinya a jikin uwarta kamar yadda aka reni kowa. To ta ci gaba da kwando ne, ko a sayi gadon?

Ƙanwata, tunda ta fara yunƙurin juyawa, kwando ya gama aikinsa. Yawancin kwandunan nan don wata uku zuwa huɗu na farko ake yin su. Masu ƙera su kan rubuta iyakar nauyi a takardarsu, sau da yawa wajen kilo 9, amma yaro kan iya juyawa tun bai kai wannan nauyin ba, kuma juyawar ce abin dubawa. Gefen kwando gajere ne, shi kansa ba nauyi, cikinsa a matse. Ranar da ta dogara da hannu ta ɗago ƙirji, ko ta mirgina ta jingina nauyinta gefe guda, yana iya kifewa, musamman in a kan ƙafafun katako ko tebur aka ɗora shi. In ma bai kife ba, fuskarta za ta manne da yadin da aka lulluɓe cikinsa da shi, kuma ba ta da filin juyowa.

Gadon gefe ya fi shi faɗi da zurfi, yana kai yaro wajen wata shida, wato har ya fara zama da kansa ko kama abu yana neman miƙewa. Ki yi wannan lissafin tun baban yarinya bai fitar da sefarsa ba: in yau aka sayo na kanti, wata biyu ko uku za ta more shi, daga nan sai an nemi babban gadon yara. In ana sa ran ƙanne za su gada, ba asara. In kuwa kuɗin a ƙirge suke, gara a tafi kai tsaye ga gadon yara mai sanduna, wanda zai kai ta shekara biyu, a ajiye shi dab da gadonki. Abin da likitoci suka fi nanatawa shi ne ɗaki ɗaya, shimfiɗa daban, aƙalla wata shida na farko. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce wannan kaɗai kan rage haɗarin mutuwar jarirai kwatsam cikin barci da abin da ya kai rabi. Kwando, gadon gefe da babban gado duk suna cika wannan sharaɗi.

Inda kwando ya yi wa gado fintinkau shi ne ɗauka. Duk wanda ya san bazarar Garwa ko Marwa, watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a kuma ɗauke wuta, ya san ba a ɗaki ake kwana ba. Kwando za ki sungume shi ki fita tsakar gida, da rana ki ajiye shi kusa da inda kike aiki. Gadon gefe an ɗaure shi da gadonki, nan zai zauna. Saboda haka tun yanzu ki yi tunanin inda za ta kwanta a dararen zafi: katifarta daban, mai tauri, a kan tabarma kusa da ke, cikin gidan sauron da aka ɗaura da kyau. Kada a ce yau ɗaya ce a mayar da ita kwandon da ta fi ƙarfinsa.

Maganar gidan sauro ce ba za ki samu a takardar da ta zo da gadon daga Turai ko China ba, alhali a wurinmu ita ce gaba da komai. Ga Binuwai a gefen gari, ga damina, kin san yadda zazzaɓin cizon sauro ke yi wa yara daga Yuli zuwa Oktoba. Maganin rigakafin da ake bi gida gida ana rabawa a jihar Arewa da ta Arewa Mai Nisa daga wata uku yake farawa, allurar rigakafin da Kamaru ta fara sawa cikin jadawalin yara a Janairun 2024 kuma sai wata shida. Babu ɗayansu da ya maye gurbin gidan sauro. Kwando ƙarami ne, in shimfiɗarki a ƙasa take yana shiga ƙarƙashin gidan sauronki cikin sauƙi. Gadon gefe kuwa yana ƙara wa gadonki faɗi, sai ki ga gidan sauron da aka ba ki wajen awo bai kai ya rufe su biyun ba. Daga nan kuskure ke farawa: wasu su ja shi da ƙarfi har ya bar kafa a ƙasa, wasu su yafa shi a kan ƙaramin gadon ya yi ta reto a saman fuskar yaro. Jaririn da ya fara kai hannu zai jawo shi ya naɗe. Ki auna faɗin gadajen biyu haɗe kafin a saya, ki nemi babban gidan sauro mai magani da zai rufe su duka, a ɗaure shi sama a miƙe, a cusa gefensa ƙarƙashin katifu ta ko'ina.

Bari in ɗan ratse kan 'yar shimfiɗar nan mai lema da ake sayarwa a kasuwa cikin kayan haihuwa, mai taushi da ɗan filo. Kyakkyawa ce a ranar suna, amma taushin nan da filon su ne ainihin abin da ake gudu. In za ki yi amfani da lemar, ki ɗora ta kan katifa mai tauri, ki ajiye filon gefe.

Ta fuskar iska, gadon gefe mai raga ko sanduna ya fi. Kwandon kaba ko na gora yana shan iska da kansa, sai dai an cika lulluɓe shi da yadi mai soso da leshi, ga rumfa a sama, sai ya riƙe zafi. Saƙarsa kuma maɓoyar ƙura ce da kuɗin cizo. Littattafan Ingila suna cewa zafin ɗakin jariri ya tsaya tsakanin digiri 16 da 20. A Garwa wannan sai dai a yi dariya. Abin da ke hannunmu shi ne rage kaya: ki taɓa ƙirjinta ko ƙeyarta, in da zufa ki cire riga ɗaya. Sanyin tafin hannu ba ma'auni ba ne. Hular ulu ba ta barci ba ce a cikin ɗaki, domin ta kai jariri ke fitar da zafin jiki. Da hunturu, ko ga 'yan'uwanmu na Gaundare da sanyinsu ya fi namu, a ƙara riga mai dogon hannu. In dole sai bargo, a sa mara nauyi, ƙafafunta su taɓo ƙarshen gado, a cusa gefensa, kada ya wuce kafaɗa. Kaskon gawayi kuwa kada ya kwana a rufaffen ɗaki, yana fitar da iskar da ba ta da wari amma tana kisa. Turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi a yi su tun ba ta shigo ba, a bar ɗakin ya sha iska.

Yanzu ga aibin gadon gefe, wanda kwando ba shi da shi: rata. Duk fa'idarsa ita ce da dare ki miƙa hannu ki jawo ta, ta sha nono, ki mayar ba tare da kin tashi tsaye ba. Amma inda katifarki da tata suka haɗu, in akwai giɓi, nan jariri ke zamewa ya maƙale, fuska a ƙasa, ba ya ko iya kuka. Shi ya sa na kirki ke zuwa da maɗauri da ake zagaya gadon iyaye da shi a tamke. Kada katifarta ta fi taki tudu. Ƙa'idar ingancin da Turai ta fitar a 2019 ma ta ce ko an sauke gefen, sai an bar 'yar katanga mai tsayin santimita 12. Gadajenmu na kafinta da na walda ba tsayi ɗaya gare su ba, wasu da faffaɗan katako a gefe wanda ke hana ƙaramin gado matsowa. In naki irin wannan ne, ko kuma katifarki a ƙasa take, gadon gefe bai dace da ɗakinki ba, sai dai a ɗaga gefensa a kulle a yi amfani da shi a matsayin gado mai zaman kansa. Toshe ratar da filo ko naɗaɗɗen zani ƙara haɗari ne. Ni a ganina, ko gadon ya zauna daidai, da zarar kin mayar da ita ki ɗaga gefen, tunda ta fara mirginawa.

In kafinta za a ba aiki, kuma ina ganin ya fi dacewa da yawancinmu, a gaya masa tazarar sanduna kada ta wuce santimita 6, domin kada jiki ya zurara kai ya maƙale. A goge katakon sumul, ba ƙusa a waje, a bar fenti ya bushe warinsa ya fita. A yanka katifa mai tauri daidai cikin gadon, yadda yatsunki biyu ba za su shige tsakaninta da katako ba. In na gwanjo za a saya, a tabbatar maɗaurin da makullin gefe suna nan. A kuma guji duk wani makwanci mai gangara. A 2019 an janye kujerar barcin nan ta Fisher-Price Rock 'n Play daga kasuwa a Amurka, wajen miliyan 4.7, bayan mutuwar jarirai sama da 30, kuma a 2022 ƙasar ta haramta sayar da makwancin jarirai mai gangara da kushin da ake zagaye sandunan gado da shi. Kayan da aka hana a can ba mamaki su ɓullo a dilar gwanjo a nan. Wasu gadajen gefe suna da wurin ɗaga kai wai don tumbuɗi, ki bar shi a miƙe.

Ko a kwando ko a gado, kwanciyar ɗaya ce: rigingine, kan katifa mai tauri a miƙe, ba filo, ba 'yar tsana, ba igiyar laya ko ta abin tsotso a wuya. Na san tsoron iyayenmu, wai in ta yi tumbuɗi a rigingine za ta ƙware. Halittar wuya ta nuna akasin haka: a rigingine hanyar numfashi tana sama, ta abinci tana ƙasa, abin da ya taso sai ya koma inda ya fito. A ruf da ciki ne yake taruwa a bakin hanyar numfashi. Ingila ta fara gangamin kwantar da jarirai a rigingine a 1991, Amurka a 1994, kuma a ƙasashen biyu irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi. Haɗarin ya fi yawa tsakanin wata biyu zuwa huɗu, daidai inda 'yarki take. Kwanciyar gefe ba tsaka-tsaki ba ce, daga ita ake faɗawa ruf da ciki. In kina naɗe ta da shawul, ki daina daga yau, hannayenta su zama a sake. Ran da ta iya juyawa gaba da baya da kanta, ki ci gaba da kwantar da ita a rigingine, in ta juya ki ƙyale ta. Don gudun bajewar ƙeya, ki riƙa kifa ta da rana idonta biyu, kina zaune a wurin.

Sai maganar Hajiya, surukarki. Kada ki yi jayayya da ita, domin akwai gaskiya a abin da ta faɗa: kusancin uwa yana sauƙaƙa shayarwa, shayarwa kuma da kanta tana rage wannan haɗarin. Sai dai shimfiɗar da suka yi reno a kai tabarma ce ko gadon kara, ba katifar soso mai lotsawa da filo huɗu da bargo mai kauri ba. Ki nuna mata cewa gadon gefe yana ba da kusancin da take so, hannunki na kan jikanyarta, an dai cire tsoron dannewa ne. In wani dare barci ya sace ki tana shan nono, ya kasance kin riga kin kawar da filo da bargo, ba yayyenta a gadon, ba ta tsakanin ki da bango, kuma da kin farka ki mayar da ita. Akwai inda ba sassauci, kada ta kwana a gadonki ko kaɗan: in ɗayanku yana shan taba, in kin sha maganin da ke sa barci mai nauyi, in bakwaini ce ko an haife ta ƙasa da kilo biyu da rabi. Kujerar kushin ta falo ta fi ko'ina muni, gara ki shayar a gado da ki yi gyangyaɗi da ita a can.

Canjin kansa ba ya buƙatar dogon shiri. Ki fara da barcin rana a sabon gadon na 'yan kwanaki, ki shimfiɗa zanin da kika kwana a kai don ta ji ƙamshinki, a ja shi ya ɗame katifar sosai. Wasu kan sa kwandon cikin gadon na dare biyu ko uku. Wannan ya yi wa jaririn da bai fara juyawa ba, taki ta wuce nan. Wanka, nono da addu'ar barci su tsaya a yadda ta saba. In ta yi ta farkawa a makon farko kada ki ɗora wa gadon laifi, wajen wata huɗu barcin jarirai kan canja ko a ina suke kwana. Ranar da kuma kika tarar ta zauna da kanta ko ta kama gefen tana jan jiki sama, shi ma gadon gefen ya ƙare, sai a koma mai dogayen sanduna, a sauke katifarsa can ƙasa.