Akwatin maganin Hajiya, bayan wata biyar

Na sayi akwatin nan ne ranar da mahaifiyarmu ta sha ƙwayar hawan jini sau biyu a safiya ɗaya. Ta sha amlodipine bayan asuba, ta manta, da hantsi ta ƙara. Ta miƙe za ta yi alwalar azahar jiri ya ɗebe ta, Allah ya sa ƙanwata na kusa ta tare ta.

Akwatin roba ne mai gida 14, na safe da na dare har kwana bakwai, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Duk daren Juma'a nake zama in zuba na mako guda.

Inda ya fara ba mu matsala shi ne rubutun murfin. Haruffan ranakun Turanci ne, T biyu, S biyu, Hajiya kuwa allo ta yi. Sai na manna farin filasta a kan kowane gida, na rubuta ranar da ajami. Na safe muka haɗa shi da karin kumallo, na dare da tuwo, tunda metformin ɗinta na ciwon suga da abinci ake sha. Murfin ma ya yi wa yatsunta tauri, da farce take ɓamɓararsa. Da damina kuma wasu ƙwayoyin suka yi laushi, har mai kemis ya ce in riƙa yanko su da ledarsu.

Amma amfanin da ya yi mana ba wanda na saye shi dominsa ba ne. Akwati ba ya tuna wa mutum komai, sai dai ya nuna abin da ya faru. A mako na biyu na buɗe na ga gidan Talata da na Laraba cike, na Alhamis wayam tun ranarsa ba ta zo ba. Na ce, "Hajiya, kin sha na jiya?" Ta ce, "Na sha mana, ɗan nan." Har zuciyarta ta yarda ta sha. Da can mukan ce tsufa ne kawai. Ranar jikina ya yi sanyi.

Da akwatin a hannu muka je wurin likita. Ya sa aka auna sinadarin B12, domin daɗewa a kan metformin na iya rage shi, ƙarancinsa kuma na kawo mantuwa. Nata lafiya lau. Bayan tambayoyin gwajin ƙwaƙwalwa ya ce farkon cutar mantuwa ce, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana damun mutum sama da miliyan 55. Ya ƙara mata donepezil da dare, ya kuma gaya mana gaskiya cewa sassautawa yake yi, ba ya warkarwa.

Wanda tsohonsa ke shan ƙwaya uku ko fiye, ya saya. Idan mantuwa ta fara nisa, kada a bar masa akwatin a ɗaki. Namu yanzu yana cikin durowar ƙanwata, nesa da jikoki, ita ke buɗewa ta zuba wa Hajiya a tafin hannu, ta tsaya har ta kora da ruwa.