Feshin silikon ya gyara mana ƙofar gilashi, amma ya kusa karya Hajiya

Duk mai ƙofar gilashi ta zugewa a Zariya ya san abin da hunturu ke yi mata. Daga Nuwamba har Fabrairu ƙura ce ke sauka dare da rana, kuma layin alminiyam ɗin da tayoyin ƙofar ke bi shi ne matattararta. Tamu tana tsakanin falo da baranda a gidanmu na Gyallesu. Sai da ta kai ba a buɗe ta sai da hannu biyu, tana ƙugi har a ɗakin Hajiya ana ji.

Mai aikin alminiyam ɗin da na fara kira giris ya lafta mata, ya ce an gama. Ta yi laushi na ɗan lokaci, ban musa ba. Daga baya giris ɗin ya haɗu da ƙura ya koma baƙin kwaɓi kamar kwalta, ya ɓata gindin labule, yara suka riƙa kwasowa a ƙafa suna takawa kan kafet. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tayoyin. Na roba ne masu tauri da ɗan boris a ciki, kuma yashin da giris ya riƙe ya toshe boris ɗin, tayar ta daina juyawa sai dai a ja ta, har gefe ɗaya ya cinye ya yi fale-fale. Dole aka sauya su, kuɗi a banza.

Wani dattijo mai haɗa tagogi a Sabon Gari ne ya wayar mini da kai. Ya ce, "Malam, duk man da ke zama da danshi, giris ne, baƙin mai ne, ko man keken ɗinki, ƙura yake kira. Nemi feshin silikon." Na tambaye shi batun feshin WD-40 da kowa ya sani, ya ce shi na gama-gari aikinsa korar danshi da kwance ƙarfen da ya yi tsatsa, in dai shi nake so to in nemi nasu da aka rubuta silikon a jiki. Bambancin shi ne ruwan da ke ɗauke da silikon ɗin yana bushewa nan da nan, ya bar ɗan siririn santsi wanda ƙura ba ta manne masa sosai, kuma ba ya cin roba.

Na saya a wani shago, ba wancan samfurin ba, wani ne daban, kun dai san yadda kuɗinsu ya koma. Aka wanke layin da kananzir da tsohon buroshin goge baki, aka bi da ruwan omo, ya bushe, aka fesa. Wallahi na yi mamaki. Ƙofar da nake kokawa da ita sai ga ƙaramar 'yata tana tura ta da yatsa. Babu ƙugi, babu baƙi. A daren nan da an tambaye ni da na ce ban taɓa sayen abin gida da ya biya ni kamar wannan ba.

Washegari da asuba Hajiya ta idar da alwala a baranda, ta shigo da ƙafa a jiƙe. Tana taka tayil ɗin bakin ƙofa santsi ya kwashe ta. Ƙarar faɗuwarta na ji da salatinta. Na tarar da ita a ƙasa ta riƙe gwiwa, labulen da ta kama ya tsinko a kanta. Mace mai shekaru, ga ciwon gwiwa dama tana fama da shi. Har muka isa asibiti jikina rawa yake. Allah Ya kiyaye, hoto ya nuna babu karaya, amma gwiwar ta kumbura, ta daɗe tana sallah a zaune.

Abin da ya jawo faɗuwar shi ne, gwangwanin feshin ya zo ba tare da ɗan siririn bututun da ake sawa a bakinsa ba. Na tambaya tun a shago, yaron ya ce, "Oga, ba ya buƙata, fesa kawai." To bakin feshin a baje yake watsawa, rabi ya shiga layi, rabi ya sauka kan tayil, kuma ba a ganinsa ko kaɗan. Ba kyalli, ba launi. Na koma na gaya wa mai shagon abin da ya faru, buɗar bakinsa sai ya ce ai kowa ya san silikon na da santsi. Ko sannu bai ce ba. Mutum na sayar da abin da zai iya kayar da tsohuwa, kalma ɗaya ta gargaɗi ta gagare shi? Wannan ya fi faɗuwar kanta tsaya mini a rai.

Cire shi daga tayil ma wani aiki ne. Ruwa zalla bai taɓa shi ba, goge shi da mopa ma ƙara baza shi ya yi. Sai da aka yi ta dirza da ruwan zafi da omo, aka bi da sifirit. Inda ya taɓa gilashin kuwa har yau akwai dishi-dishi in rana ta haska.

Ƙofar dai tana tafiya lafiya, hunturu ya wuce ba ta koma ƙugi ba, shara kawai ake yi wa layin. Ba zan ce kada a saya ba, don ya fi giris nesa ba kusa ba, kuma da shi aka fara sawa da tayoyina na farko suna nan. Amma yanzu a tsakar gida nake fesa shi kan tsumma, in shigo in goga a layin, in shimfiɗa jarida a ƙasa kafin in taɓa tayoyin. Wanda ke da tsofaffi ko yara a gida, kada ya karɓi gwangwanin da ba bututu ko da an rage masa kuɗi. In wannan ya ƙare zan gwada busasshen feshi na PTFE, wani sinadarin sa santsi da dattijon ya ambata, kuma ba a wancan shagon zan saya ba.