Saƙon tes ko kiran waya: wanne ya fi dacewa da mai jego?

Ma'aikatan lafiya masu ziyartar masu jego a gida sun sha tambayata: kafin ziyara ta gaba, tes za a riƙa tura wa uwa ko kiranta za a yi? Tambayar tana da nauyi, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu na fama da matsalar tunani, galibi ciwon damuwa.

Wajen kuɗi, tes ya fi araha nesa ba kusa ba. Kwamfuta ɗaya za ta aika wa mata ɗari lokaci guda.

Ya kuma fi sauƙi. Uwar da jariri ya hana barci za ta buɗe saƙo da ukun dare tana shayarwa, ta tuna darasin da aka yi mata na kauce wa ciwon damuwa: ta nemi abokiyar hira, ta ɗan huta. Saƙon yana nan, gobe ma ta sake karantawa. Kira kuwa yakan shigo ana tsaka da wankan jariri.

Amma fa rubutu ba shi da murya. Mace za ta rubuta "lafiya lau" hawaye na zuba. A kira, ma'aikaciya za ta ji rawar muryar, ta ji dogon shirun nan. Ga kuma wayar da ake amfani da ita tare da miji, sirri ya zama na kowa.

Tes ya dace da uwar da ta iya karatu, mai wayar kanta, wadda rigakafin ciwon damuwa kawai ake mata. Wadda ta taɓa yin ciwon, ko ta ambaci yi wa kanta lahani, kira ya kamace ta, a haɗa ta da likita nan take.